Tsohuwar manhaja ta ƙi tashi a sabon Linux: hanyoyi shida da wadda ta dace da kai

Ka ɗaga kwamfutarka ko sabarka daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04, komai ya tafi daidai, sai manhaja guda wadda aikinka ya rataya a wuyanta ta ƙi tashi. Layi ɗaya take fitarwa ta mutu: `error while loading shared libraries: libssl.so.1.1: cannot open shared object file`. Manhajar lafiyarta ƙalau. Abin da take jingina a kansa ne aka ɗauke.

Yawancin manhajojin Linux ba sa ɗauke da duk kayan aikinsu. Aro suke yi daga laburaren tarayya, wato fayilolin nan masu ƙarewa da `.so`. Ranar da aka harhaɗa manhaja, ana rubuta sunan kowane laburaren da take buƙata a jikinta, har da lambar da ke ƙarshen sunan. Duk lokacin da ka kunna ta, mai loda laburare zai je ya nemo wannan sunan daidai da daidai. Masu laburare kuwa ba sa sauya lambar nan don nishaɗi. Sauya ta sanarwa ce cewa tsarin cikin ya canja, tsoffin manhajoji kada su dogara da sabon. OpenSSL 3.0, laburaren da ke ɓoye bayanan da ake aikawa ta intanet, ya fito a Satumbar 2021 da `libssl.so.3`, Ubuntu 22.04 ta zo da shi, ta bar `libssl.so.1.1` a baya. Haka aka yi da `libpng12` da aka maye gurbinsa da `libpng16`, da `libncurses.so.5` da ya koma 6, da `libffi` da ya bi ta 6 da 7 zuwa 8. Laburaren ICU ma ya fi su rashin zama wuri ɗaya, domin lambarsa na canjawa da kowace babbar siga.

Kafin zaɓe, gane irin cutar

Kada ka zaɓi magani kafin ka karanta saƙon kuskuren da kyau, domin cututtuka huɗu ne masu kama da juna.

Ta farko ita ce wadda muka gani: laburare ya ɓace. Umarnin `ldd` zai jero maka duk abin da manhajar ke nema, ya rubuta `not found` a gaban wanda babu. Idan ba ka yarda da inda manhajar ta fito ba, yi amfani da `readelf -d` maimakonsa, saboda `ldd` na iya kai ga kunna abin da kake bincika.

Ta biyu ita ce saƙo irin ``version `GLIBC_2.34' not found``. Wannan kishiyar ta farko ce: manhajar ce ta fi babbar manhajar, wato Linux ɗin da ke kan kwamfutar, sabunta. Tun daga siga ta 2.1 a 1999, glibc, wato laburaren tushe da kusan kowace manhajar Linux ke dogara da shi, na liƙa wa kowane aikinta lambar siga, tana kuma ajiye tsofaffin. Shi ya sa manhajar da aka harhaɗa a CentOS 7 mai glibc 2.17 ke gudu a Ubuntu 24.04 mai 2.39, amma wadda aka harhaɗa a 24.04 ba lallai ta gudu a CentOS 7 ba. Hanyar gaba kawai take zuwa, ba ta komawa baya. Abin da wannan ke nufi ga mai tsohuwar manhaja shi ne, glibc ce ta ƙarshe da ya kamata ya zarga. Haka ma `libstdc++.so.6`, wadda ba ta sauya lamba ba tun GCC 3.4 a 2004.

Ta uku mai ruɗarwa ce. Fayil na nan kana ganinsa, amma da ka kunna shi sai a ce `No such file or directory`. Galibi manhajar mai bit 32 ce, abin da ba a samu ba kuwa mai loda laburarenta ne, `ld-linux.so.2`. A Debian da Ubuntu ana buɗe wannan ƙofa da `dpkg --add-architecture i386`, sai dai tun daga 19.10 Ubuntu ta rage ƙunshinta masu bit 32 zuwa zaɓaɓɓun kaɗan.

Ta huɗu ba ta cika faruwa ba, amma tana faruwa: glibc da kanta ta sauya hali. Siga ta 2.36 a 2022 ta daina zuwa da tsohon teburin `DT_HASH`, wasannin da ke amfani da manhajar hana maguɗi ta Easy Anti-Cheat suka tsaya cak a Arch Linux. Siga ta 2.39 ta fitar da `libcrypt` daga cikinta gaba ɗaya, aikin ya koma hannun libxcrypt.

Ma'aunan da za mu auna da su

Farashi. Kusan duk kayan aikin da za a ambata kyauta ne, don haka farashin na gaskiya lokacinka ne, da filin faifai, da RAM.

Ƙarko. Gyaran zai tsira idan ka sake ɗaga babbar manhajar nan da shekara biyu, ko za ka dawo ka fara daga farko?

Sauƙi. Na kafawa da na rayuwa da shi kullum, domin ba ɗaya ba ne.

Haɗari. Iri biyu ne: haɗarin lalata babbar manhajar, da haɗarin tsaro. Na biyun ne ma'aunin da na fi ba nauyi, kuma tambayarsa ɗaya ce: idan gobe aka gano ɓaraka a tsohon laburaren nan, wa zai toshe ta? Kowace hanya a ƙasa tana da amsarta, kuma a mafi yawansu amsar ita ce kai.

Akwai kuma tambayoyi biyu da ke rufe wasu ƙofofin tun kafin a fara awo. Kana da ainihin rubutun manhajar, ko abin da aka riga aka harhaɗa kawai ke hannunka? Kuma manhajar na magana da intanet, ko tana zaune ita kaɗai tana sarrafa fayilolinka?

Hanya ta 1: ƙunshin jituwa daga masu babbar manhajar

Masu nau'o'in Linux sun san wannan matsala, don haka sukan ajiye tsoffin laburare a ƙunshi na musamman. RHEL 8, wato Linux na kamfanin Red Hat, na da `compat-openssl10`, RHEL 9 na da `compat-openssl11`. Fedora na da `ncurses-compat-libs` da `libxcrypt-compat`. Umarni ɗaya, minti ɗaya, manhajar ta tashi. Babu abin da ya kai wannan arha ko sauƙi, haɗarin lalata tsarin kuma kusan babu, tunda waɗanda suka gina gidan ne suka tsara inda za a ajiye kayan. Nan ne ya kamata kowa ya fara dubawa.

Rauninsa ƙarko. Ƙunshin jituwa wa'adi ne, ba alkawari ba. Ubuntu 22.04 na da `libncurses5` da `libtinfo5`, amma a 24.04 an cire su, mutane da yawa masu tsoffin kayan aikin injiniya suka wayi gari cikin matsalar da suka ɗauka sun gama da ita. Sannan ba kowane laburare ke samun wannan gata ba. Ubuntu 22.04 ba ta tanadi `libssl1.1` ba ko kaɗan.

A nan ne mutane ke faɗawa tarko: su je su sauko da fayil ɗin `.deb` na tsohuwar siga su cusa shi da hannu. Sau da yawa yana aiki, amma wannan ba ƙunshin jituwa ba ne. Babu ma'ajiyar da za ta sabunta shi, yana zaune a inda kowace manhaja za ta iya ɗaukarsa, kuma bayan wata shida kai ma ka manta yana nan. In dai za ka yi wannan, gara ka bi hanya ta biyu, wadda aƙalla ke tsare tsohon a wuri guda.

Hanya ta 2: ajiye tsoffin laburare kusa da manhajar

Ka ciro fayilolin `.so` da ake buƙata daga tsohon ƙunshi ba tare da girka shi ba, ka zuba su a folda guda kusa da manhajar, ka nuna wa mai loda hanya. Hanyar nunawa biyu ce. Ko ka rubuta ɗan gajeren rubutun kunnawa da zai saita `LD_LIBRARY_PATH` kafin ya kira manhajar, ko ka yi amfani da patchelf, wanda ya fito daga aikin NixOS, ka rubuta hanyar a jikin manhajar da `patchelf --set-rpath '$ORIGIN/lib'`. Kalmar `$ORIGIN` na nufin foldar da manhajar ke zaune, don haka ko ka matsar da foldar gaba ɗaya abin zai ci gaba da aiki.

Na fi son patchelf, kuma ga dalili. `LD_LIBRARY_PATH` gado ne: duk wata manhaja da taka ta kira, ita ma za ta gaje shi. Idan tsohuwar manhajarka ta buɗe burauza don nuna maka shafin taimako, burauzar za ta iya ɗaukar tsohon laburaren ta faɗi, kai kuma ka rasa dalili. Wanda ya saka shi a `.bashrc` kuwa ya shimfiɗa wa kansa wannan matsalar a ko'ina. Amma patchelf ma na da nasa ƙulli: hanyar da yake rubutawa tana aiki ne ga laburaren da manhajar ta nema kai tsaye. Idan tsohon laburaren shi ma yana neman wani tsohon, dole ka gyara shi ma, ko ka ƙara `--force-rpath`.

Farashin kaɗan ne, 'yan megabait da awa ɗaya ko biyu idan laburaren da suka ɓace ba su wuce biyu ko uku ba. Idan ka ga kowane wanda ka kawo yana janyo wasu uku, tsaya, alama ce ta cewa kwantena kake buƙata, wato hanya ta huɗu. Ƙarkonsa ya fi na hanya ta farko, domin kayan na hannunka, kuma glibc da ke ƙarƙashinsu na riƙe alkawarinta.

Abubuwa uku ne ke mai da wannan hanya masifa.

Na farko, mahaɗin ƙarya. Za ka ga ana ba da shawarar a ƙirƙiri mahaɗi mai suna `libssl.so.1.1` da ke nuni zuwa `libssl.so.3`. Wannan yaudarar mai loda ce kawai. In ka yi sa'a manhajar za ta mutu nan take da ƙorafin alamar da ba ta samu ba. In ba ka yi sa'a ba za ta tashi, ta yi aiki, ta riƙa karanta bayanai a gurbin da ba nasu ba, sai wata rana ta ɓata maka fayil ba tare da ko gargaɗi ba. Akwai inda mahaɗi ke da hujja: a Ubuntu 24.04 an sauya wa `libaio.so.1` suna zuwa `libaio.so.1t64` saboda gyaran matsalar agogo ta shekarar 2038, wadda ta shafi na'urori masu bit 32, don haka a kwamfuta mai bit 64 cikin bai sauya ba. Amma ka lura, a nan an san dalilin sauya sunan. In ba ka san dalilin ba, kada ka yi.

Na biyu, taɓa glibc. Kada ka kwafo `libc.so.6` daga wata siga ka ajiye a foldarka, balle ka ɗora ta a kan ta tsarin. Ita da mai loda laburare tare aka gina su, suna magana ta wasu alamomin sirri da ba sa jituwa tsakanin sigogi. Wanda ya maye gurbin ta tsarin zai tarar ko `ls` ba ya aiki. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Na uku, `libstdc++`. Tsoffin manhajoji da yawa na zuwa da tasu tsohuwar kwafi. Direbobin katin zane na Mesa kuwa an gina su da sabuwa, don haka idan aka loda tsohuwar da farko, direba ya gaza, allon manhajar ya ƙi fitowa. Masu amfani da Steam, shagon wasanni na kamfanin Valve, a Linux sun sha wannan shekaru da dama. Maganin a nan cirewa ne ba ƙarawa ba: ka goge tsohuwar kwafin, ta tsarin ta wadatar, tunda sabuwa ta ƙunshi duk abin da tsohuwa ke da shi.

Ta fuskar tsaro kuwa, nauyin ya dawo kanka ɗungurungum. An daina gyara OpenSSL 1.1.1 ga jama'a tun 11 ga Satumba, 2023. Tsohon `libncurses` da ke zana layuka a taminal bai dame ni sosai ba. Tsohon `libssl` da ke karɓar saƙo daga intanet wani abu ne daban.

Hanya ta 3: sake harhaɗawa daga tushe

Idan rubutun manhajar na hannunka, wannan ita ce hanya ɗaya tilo da ke warkar da cutar maimakon lallaɓa ta. Manhajar za ta ɗaure da laburaren yau, gyaran tsaro kuma ya koma hannun masu babbar manhajar. Haɗari mafi ƙanƙanta ke nan.

Farashin ne ba a iya sani tun daga farko. Wata manhajar minti goma ta isa. Wata kuwa sabon kwamfaila, wato manhajar da ke yin harhaɗawar irin su GCC, zai ƙi abin da tsohon ya yi wa shiru: GCC 10 ya daina yafe maimaita sunan ma'ajiyar bayanai a fayiloli daban-daban, GCC 14 kuma ya mai da wasu tsoffin gargaɗin yaren C kurakurai masu tsayar da aiki. Sannan idan laburaren ya sauya yadda ake kiransa, kamar yadda OpenSSL ya ɓoye cikin tsare-tsarensa daga 1.0 zuwa 1.1, sai an gyara rubutun da hannu, aikin mai shirya manhaja ne sosai. Kuma ƙarkonsa na siga ɗaya ne: da laburare ya sake sauya lamba, ka sake harhaɗawa. Bambancin shi ne karo na biyu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wannan hanya na da reshe: a ɗinke laburaren a jikin manhajar, ta zama fayil guda da ba ya aro a wurin kowa. Ta fuskar ƙarko yana da kyau sosai, domin ƙwayar Linux (kernel, zuciyar tsarin da ke magana da na'urori) kaɗai yake dogara da ita, kuma ƙa'idar Linus Torvalds ta cewa ƙwaya ba ta karya manhajojin da ke kanta tsohuwa ce, ana kuma kiyaye ta. Wannan ne sirrin kayan aikin da aka rubuta da Go, waɗanda ake kwafa daga na'ura zuwa na'ura su yi ta gudu. Sai dai glibc ba ta son ɗinki: ko ka ɗinke ta, wajen neman adireshin intanet da sauya tsarin haruffa tana komawa ta nemi laburaren tarayya. Shi ya sa masu wannan hanya ke amfani da musl, wani ƙaramin madadin glibc. Ɗinki bai dace da manhaja mai amfani da katin zane ba, domin direba dole a loda shi daga tsarin. Kuma duk ɓarakar da aka gano a laburaren da ka ɗinke tana nan a jikin manhajarka har sai ka sake harhaɗawa.

Wata 'yar shawara ga wanda ke rarraba manhajarsa ga wasu: harhaɗa a tsohon tsari, ba sabo ba. Dabarar masu Python ke nan da ma'aunin manylinux, inda manylinux2014 ya ginu a kan CentOS 7 da glibc 2.17, don abin da aka gina ya gudu a kusan ko'ina.

Hanya ta 4: kwantena

Maimakon ka tsinto laburare ɗaya bayan ɗaya, sai ka kawo tsohon tsarin gaba ɗaya, ban da ƙwayarsa, ka kunna manhajar a ciki. Docker da Podman ne sanannu. Ga mai kwamfutar tebur akwai Distrobox da Toolbx, waɗanda ke haɗa kwantenar da foldarka ta gida da allonka, har ka manta a kwantena kake. A nan matsalar glibc ba ta tasowa, domin ita da mai lodarta tare suka zo.

Farashin matsakaici ne. Hoton Ubuntu na asali bai kai megabait 100 ba, saurin manhajar kuma kusan daidai yake da na waje, tunda ƙwaya ɗaya ake amfani da ita. Abin da za ka biya shi ne koyo: yadda ake shigar da folda, yadda ake buɗe tashar sadarwa, yadda izinin fayil ke rikicewa tsakanin ciki da waje. Ga manhajar saba ko ta taminal, yini ɗaya ya isa. Ga mai neman katin zane ko na'urar USB sai an ƙara haƙuri, masu katin NVIDIA ma sai sun girka NVIDIA Container Toolkit.

Ƙarko mai kyau ne ƙwarai, da sharaɗi guda: ka adana hoton da ka gina, ba umarnin gina shi kaɗai ba. Ma'ajiyoyin tsoffin sigogi na ƙaura. Da CentOS 7 ta kai ƙarshenta a 30 ga Yuni, 2024, ƙunshinta suka koma rumbun ajiya, duk umarnin gini da ke nuni ga tsohon adireshi ya daina aiki. Akwai kuma iyakar tsufa: kwantenar CentOS 6 mai glibc 2.12 na faɗuwa nan take a ƙwayar da aka kashe wa tsohuwar hanyar `vsyscall`, sai an kunna kwamfutar da `vsyscall=emulate`.

Batun tsaro a nan na son gaskiya. Kwantena ba ta gyara tsohon laburare, tana dai rage abin da ɓarawo zai iya taɓawa idan ya shigo, musamman in ka kunna ta da Podman ba tare da ikon `root` ba, ka kuma yanke mata intanet in ba ta buƙata. Distrobox ba ya ba ka wannan katangar, domin da gangan ya buɗe foldarka ta gida. Dabara mafi kyau ita ce ka zaɓi tsohon tsarin da har yanzu ake gyarawa. AlmaLinux 8 da Rocky Linux 8 na ɗauke da glibc 2.28 da OpenSSL 1.1.1, kuma za su ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Wannan ya fi kwafo `libssl.so.1.1` marar mai kula nesa ba kusa ba, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake fifita kwantena ga duk manhajar da ba ta da rubutun tushe amma tana hulɗa da intanet.

Hanya ta 5: Flatpak, Snap da AppImage

Waɗannan sun fi zama mafita idan wani ya riga ya yi maka aikin. Duba Flathub, shagon Flatpak, ko shagon Snap, in manhajarka na can, girka ta ka huta. Flatpak na kunna manhaja a kan shimfiɗar laburare ta daban da ta tsarinka. Shimfiɗar Freedesktop na fitowa duk watan Agusta, ana kula da ita shekara biyu. Snap na yin irin haka da `core20`, `core22` da `core24`, kowanne daga sigar Ubuntu mai wannan lambar. Valve ma wannan dabarar ta bi da Steam Runtime, wanda na farkonsa ya ginu a kan Ubuntu 12.04, abin da ya sa wasannin wancan zamani ke gudu har yau. Farashin ɗaruruwan megabait ne na shimfiɗa, tsaron kuma ya danganta da ko mai ƙunshin na raye yana sabuntawa.

AppImage daban yake, kuma ana yi masa zaton abin da ba shi da shi. Hanya ta biyu ce aka naɗe a fayil guda: yana ɗauke da wasu laburare, yana aron sauran, har da glibc, daga tsarinka, kuma babu katanga. Abin dariya, shi kansa ya faɗa wannan rami: tsoffin fayilolinsa na neman `libfuse.so.2`, wanda Ubuntu ta daina girkawa da kanta tun 22.04. Girka `libfuse2`, ko `libfuse2t64` a 24.04, ko ka warware fayil ɗin da `--appimage-extract`.

Naɗe tsohuwar manhaja a Flatpak da kanka don amfanin kanka kaɗai wahala ce da ba ta biya.

Hanya ta 6: kwamfutar kwaikwayo

Ka yi amfani da KVM ko VirtualBox ka kunna kwamfutar kwaikwayo a cikin taka, mai tsohon tsari cikakke har da ƙwayarsa. Ita ce mafi tsada: gigabait da dama na faifai, RAM da aka ware mata, jinkiri wajen zane, da wahalar musayar fayil. Amma ita ce mafi ƙarko, kuma katangarta ta fi ta kwantena kauri. Tana da wuri guda da babu mai maye gurbinta: manhajar da ke buƙatar tsohuwar ƙwaya, ko tsohon direba da ake cusawa cikin ƙwaya, kamar na wasu na'urorin awo da makullan lasisi. Yanke mata intanet, ka ɗauki hoton faifanta ka adana.

| Hanya | Farashi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Wa ke gyaran tsaro |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙunshin jituwa | mintuna | siga ɗaya ko biyu | sosai | kaɗan | masu babbar manhaja |
| Laburare a folda | awanni | mai kyau | matsakaici | babba in akwai intanet | kai |
| Sake harhaɗawa | mintuna zuwa makonni | har laburare ya sake sauyawa | sai mai sani | mafi ƙanƙanta | masu babbar manhaja |
| Ɗinkewa a fayil guda | kamar na sama | sosai | sai mai sani | matsakaici | kai |
| Kwantena | yini, da fili kaɗan | sosai | matsakaici | kaɗan zuwa matsakaici | masu tsohon tsarin, in yana raye |
| Flatpak ko Snap | ɗaruruwan megabait | mai kyau | sosai, in akwai | kaɗan | mai ƙunshin |
| Kwamfutar kwaikwayo | gigabait da RAM | mafi girma | kafawa da sauƙi, zama da nauyi | kaɗan in babu intanet | kai |

Akwai zaɓin da bai shiga teburin ba: ƙin ɗagawa. Ba abin kunya ba ne muddin ana gyara sigar da kake kai. RHEL na ba da shekara goma, Ubuntu LTS, wato sigogi masu dogon wa'adi irin su 22.04, shekara biyar, ko goma da Ubuntu Pro, wanda kyauta ne ga mutum a na'urori har biyar. Sayen lokaci ne don shirya ƙaura, ba madadin ƙaurar ba.

Wa ya dace da wace

Idan laburare ɗaya ya ɓace kuma akwai ƙunshin jituwa, girka shi yau, ka rubuta a wani wuri cewa ka dogara da shi, ka duba ko yana nan kafin ɗagawa ta gaba.

Idan kana da rubutun tushe kuma manhajar za ta daɗe tana aiki, musamman a saba, sake harhaɗa ta, ko da zai ci mako guda.

Idan manhajar kamfani ce da aka daina kula da ita, ba ta taɓa intanet, laburare biyu ko uku kawai take nema, folda da patchelf sun wadatar. Kayan aikin injiniya masu neman `libtinfo.so.5` ko `libpng12` nan suka faɗo.

Idan irin wannan manhajar ce amma tana karɓar saƙo daga waje, ko jerin `not found` ya yi tsawo, kwantena a kan tsohon tsarin da ake gyarawa. A kwamfutar tebur, Distrobox. A saba, Podman ko Docker.

Idan saƙon `GLIBC_2.xx not found` ne, kwantena ce kuma amsar, sai dai a wannan karon sabon tsari za ka sa a ciki, ko ka nemi mai manhajar ya gina ta a tsohon tsari.

Idan wasa ne, bar wa Steam Runtime aikin kafin ka taɓa komai da hannu. Idan manhajar tebur ce sananniya, duba Flathub. Idan kuwa tana buƙatar direba a cikin ƙwaya, ko ta girmi abin da sabuwar ƙwaya ke ɗauka, kwamfutar kwaikwayo marar intanet ce kaɗai za ta riƙe ta.